Sarkar Taimin da Goggo Take Gani da Ita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ta tafi. Yayar mahaifina ce, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mun kai ta makwancinta a ƙauyenmu da ke gefen Durun, cikin ƙasar Kabo, kusa da mijinta da ya daɗe da riga ta.

A wurin zaman makoki kowa ya faɗi abin da ya sani. Liman ya ce tun tasowarsa bai taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Wannan kam alheri ne ya sa shi faɗa, domin ni na sha jin muryar nan ta haura katanga biyu, kuma yawanci a kaina take sauka. Matan da suka zo daga Kara suka tuna daddawar da take aika musu duk kaka, har bayan da idonta ya tafi. Ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwa da ta rage ita kaɗai cikin sa'o'insu, ita ma ta zo. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana shafa tabarmar Goggo da tafin hannu har aka kira magariba.

Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, in na matso a yi tsit. Ta bakin matata ta dawo kunnena. Wai ranar da Goggo ta cika, tana kwance ko wanka ba a yi mata ba, ni ina zaune a tsakar gida na rungumi ƙwarya ina shan fura. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin taurin zuciya irin wannan ba, a ce ɗan da aka goya.

Gaskiya ne, na sha, kuma na shanye tas. Ban yi wa kowa bayani a wurin ba. Yanzu da aka watse zan faɗa, domin wanda bai san labarin furar nan ba bai san Goggo ba. Labarin kuwa sai ya bi ta cikin injin babur, sai ku yi haƙuri da ni.

Goggo mace ce mai son a same ta tsaf. Ba ta da dukiya, amma ɗaurin ɗankwalinta ba ya karkacewa, tabarmarta ba ta kwana ba a kaɗe ba. Maganarta kullum ita ce, "Ni ba a tarar da ni, ni nake tarar mutum." Kafin baƙo ya gama sallama ta riga ta miƙe ta ce masa maraba. Sunana kuwa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, don sunan mahaifinta gare ni. Mai sunan Baba take kira na, ko tana yabo ko tana faɗa. Furar da take ba ni kuma doka ce. In na miƙa mata ƙwarya sai ta leƙa, in ta ga saura ta dawo mini da ita ta ce, "Wa ka rage wa? Kaji?"

Da idonta ya fara dushewa muka kai ta asibiti, aka ce hawan jinin ido ne kuma mun makara. A hankali duniya ta rufe mata. Ban taɓa jin ta yi ƙorafin duhu ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne mutane sun koma faɗo mata kawai. "Kowa ya zama aljani," in ji ta, "sai dai ka ji shi a gefenka yana numfashi."

Ni a Gwarzo nake koyarwa a firamare, a can iyalina suke. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in hau babur in tafi gaishe ta. Babur ne na hannu, kuma yana da wata ƙara, kacar-kacar, wadda ta fi fitowa in na saki totur. Akwai wata kwana a jikin katangar masallacin ƙauyen, yashi ne a wurin, dole mutum ya rage gudu. To a nan ƙarar take tashi, katanga ta mayar da ita cikin gidanmu. Goggo na jin ta sai ta ƙwalla wa matar Yaya kira, wato matar ɗanta da suke zaune tare: "Ke, dama fura, Mai sunan Baba ya shigo gari!" Ta gyara ɗankwali, ta tura magungunanta ƙarƙashin tabarma, ta miƙe baya. Kafin in jingine babur a zaure sai in ji muryarta.

"Maraba da mutanen Gwarzo! Kai, ka rame."

"Goggo, ta ina kika ga na rame?"

"Na gani mana. Da wa kake tsammani kake magana?"

Babura nawa ne suke wucewa ta kwanar nan a yini, amma ba ta taɓa sa an dama fura a banza ba. Ni dai na ɗauka kukan injin gaba ɗaya ta gane, ban kawo komai a raina ba.

Wata rana na kai babur ɗin gyaran birki wurin bakanikena a Gwarzo. Tare muka yi makarantar allo da shi, saboda haka ba ma raga wa juna. Yana tayar da injin ya karkata kai ya ce, "Malam, sarkarka ta miƙe."

Na dubi ta baya, wadda take juya taya. Ya ce ba ita ba. "Akwai 'yar ƙarama a cikin inji, sarkar taimin. Ita take haɗa ƙasan inji da samansa, don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. A cikin baƙin mai take rayuwa. In man ya yi datti ko ya yi ƙasa, sai gaɓoɓinta su dinga cin juna, ta ƙara tsawo. Akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin a bayansa, tenshina muke ce masa, shi yake tura ta yana ɗame ta. Duk miƙewar da ta yi sai ya ƙara matsowa, kai ba ka ma san ana yi ba. Ranar da ka fara jin ƙara, to ya ƙure ke nan, ba shi da sauran inda zai matsa."

Na ce a canza. Ya sa sabuwar sarka da sabon tenshina, ya zuba sabon mai. Inji ya yi luf, sai ka sa kunne za ka san yana aiki. Ranar Juma'a na kama hanyar Durun ina ta jin daɗi kamar wanda ya yi sabuwar riga.

Na wuce kwanar masallaci, ban ji kira ba. Na jingine babur a zaure, shiru. Matar Yaya ta tafi ɗiban ruwa, Yaya yana gona. Da na leƙa tsakar gida sai na ga Goggo a durƙushe kusa da randa, ba ɗankwali, kanta fari fat, tana lalubar ƙasa da hannu biyu. Carbinta ne ya faɗi. Yana nan dab da gwiwarta, ita kuwa tana nemansa can gaba, tana magana ita kaɗai, hawaye na bin kumatunta. Tun ina yaro rabona da ganin gashin kanta.

Na yi sallama. Ta daskare, sannan ta ɗora hannuwanta biyu a ka.

"Wane ne?"

A duk rayuwata ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Ni ne, Goggo."

"Da ƙafa ka zo?"

"Da babur na zo."

"Ƙarya kake yi. Babur ɗinka yana magana."

Na fara yi mata bayanin gyara, ta katse ni. "Wato ka kai shi an yanke masa harshe, don ka shigo mini kamar ɓarawo." Ta lalubi bango ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ban sha fura ba. Na ɗauki carbin na rataye mata a ƙofa, na koma Gwarzo zuciyata kamar ta fashe.

Fushin nan ya daɗe. Na ce zan dinga danna ham daga kwana. Ta ce, "Ham na akuya ne da yara, kuma kowa yana da shi." Na ce to zan dinga bugo wa Yaya waya kafin in taso, ya gaya mata. Nan ta faɗi maganar da har yau take ci na. Ta ce, "In aka gaya mini, makauniya aka gaya wa. In na ji da kaina, ni ce na gan ka."

Daga nan ta ɗauki wata hanya. Duk Juma'a tun hantsi take yin wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a tabarma ba ta motsawa. Matar Yaya ce ta tsegunta mini cewa ko ruwa ba ta sha a ranar, don kada zagayawa ta kama ta in zo in tarar ana jan ta a hannu. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, cikin zafin bazara, tana zaune da ƙishirwa saboda na gyara babur.

Hanyarmu hanya ce mai cin inji, ga ƙura ga yashi, ga taɓo da damina. Ba zan ce na yi da gangan ba, amma ba zan ce na yi ta rawar jiki wajen canza baƙin mai ba. Bayan 'yan shekaru, wata safiya da sanyi na tayar da babur sai na ji ɗan kacar-kacar, ya yi kaɗan ya ɓace da inji ya ɗumama. Ya yi ta ƙaruwa a hankali. Wata Juma'a na saki totur a kwanar masallaci, sai na ji an haura katanga biyu da kira: "Ke, dama fura!" Na tsaya a zaure na daɗe ina goge ido kafin in iya shiga.

"Maraba da mutanen Gwarzo," in ji ta. "Muryarka ta dawo."

Bakanikena kuwa yana jin ƙarar ya fara neman sifana. Na riƙe masa hannu, na ba shi labari. Ya kalle ni ya ce, "Kowa yana kawo mini babur in kashe masa ƙara, kai ka kawo in yi maka kiwonta. Allah ya shirye ka, Malam." Amma ya yi abin da zai iya. Ya ciro tenshina ya wanke shi da fetur, ya sa masa sabon sifirin, ya canza robar da sarkar take bi ta kai. Ya ce ƙarar za ta ragu amma ba za ta tafi ba, tunda sarkar ce da kanta ta yi tsawo. Ya kafa mini sharuɗɗa: in dinga canza mai tun bai yi baƙi ba, in bar inji ya ɗumama da safe kafin in hau, in daina gudu, in daina ɗaukar buhu a baya. Na bi su duka, har abokan aiki suna tsokanata wai ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Duk zuwan da na yi sai ya buɗe murfin gefen inji, ya sa sukundireba ya ɗaga sarkar daga kan haƙoranta, ya ga yadda take tasowa, ya girgiza kai. Wata rana ya ajiye wasa gefe. Ya ce, "Wallahi na gama dabarata. Ranar da ta tsallake haƙori, bawul zai haɗu da fistin, inji ya tsaya cak. Ba za ta tambaye ka ko kana tsakiyar titi ba, ko akwai babbar mota a bayanka. Kana da 'ya'ya fa." Na ce na ji, na ce sai wani satin. Haka na dinga ce masa.

Da ya ga ba ni da niyya, ranar kasuwar Gwarzo ya tare Yaya ya zayyana masa komai. Yaya kuwa ba ya iya riƙe magana, ko rigarsa bai cire ba ya kai wa Goggo.

Juma'ar nan ta karɓe ni kamar kullum. Sai da na shanye fura, ta sa yatsa cikin ƙwarya ta tabbatar, sannan ta ce in matso. "Gaya mini, mene ne wannan tenshinar?" Na yi mata bayani yadda aka yi mini. Ta saurara tana jan carbi.

"Wato shi ɗan ƙarfen nan yana ta matsawa yana rufa wa sarka asiri, har ya ƙure."

"Haka ne, Goggo."

"To ai ni ma nawa ya ƙure, Mai sunan Baba. Ba ka jin ƙarar gwiwoyina in zan tashi?" Ta yi dariya, na taya ta ba don ina so ba. Sai ta ɗaure fuska. "Na goya ka, na yi jinyar ƙyandarka, don in miƙa wa babbar mota kai? Gobe ka je a cire. Ban ce jibi ba."

"Goggo, in aka cire ba za ki…"

"Na san abin da ba zan ji ba, ba sai ka gaya mini ba. Ka kawo mini tsohuwar in gan ta."

Aka cire. Bakanikena ya wanke tsohuwar sarkar da fetur ya goge ta da tsumma, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba. Da na sa mata a hannu sai ta bi ta gaɓa-gaɓa da yatsu, kamar tana jan carbi. Ta shinshina, ta yamutsa fuska. "'Yar wannan ce? Ko abin wuyan yarinya ba ta kai ba, amma ta cika gari da surutu." Ta saka ta cikin ƙaramin kwano mai murfi da take ajiye goro, ta tura shi gefen matashinta.

Ta koma zaman Juma'a tun hantsi, kuma ba ta sake ta da maganar ba. Ni kuma na koma ajiye babur a kwanar masallaci, in ƙarasa da ƙafa ina gaisawa da mutane da ƙarfi don ta ji muryata tun daga nesa. Ta gane abin da nake yi. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ka rage ihu, kada a ce malamin makaranta ya zauce."

Daminar bana zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka yi allura, aka yi ƙarin ruwa, jiki ya ƙi. Wata Talata ina cikin aji Yaya ya bugo ya ce, "Ka taso yanzu." An yi ruwa mai yawa da safe, rafin da ke kan hanya ya cika, sai da na yi zagaye mai nisa, wani wurin ma na sauka na tura. Babur bai yi mini gardama ko sau ɗaya ba. Lafiyarsa ƙalau, shiru kamar yadda ta ce a mayar da shi. Na isa bayan la'asar. Da na ga Yaya zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa, na san Goggo ta riga ta cika.

Matar Yaya ce ta ja ni gefen rumbu, idonta ya kumbura. Ta ce tun azahar zafin ciwo ya sa Goggo ta manta an canza sarka. Sai cewa take, "Ku yi shiru, ku yi shiru in ji." Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗago kai, ta saurara, ta mayar ta ce, "Ba shi ba ne." Numfashi yana yi mata wuya, amma ta ƙi kwanciya sosai, ta ƙi sakin jiki. Yaya ya ce mata ina kan hanya, ta ce ita ba a gaya mata.

"Malam, ban san abin da ya shiga kaina ba," in ji matar Yaya. "Na ɗauki kwanon goron nan, na zubar da goron, na bar sarkar a ciki. Na fita har kwanar masallaci, na taho a hankali ina kaɗa shi a jikin katanga."

Ƙawar Goggo, da take zaune a gefenta a lokacin, ta ce fuskar Goggo ta washe nan take. Goggo ta ce, "Ga shi nan. Ku ɗaura mini ɗankwali." Aka ɗaura mata, ta sa hannu ta gyara da kanta. Ta ce, "Ke, dama fura." Muryar ba ta ko kai bakin ƙofa ba. Sannan ta juya fuska wajen labule ta ce, "Maraba da mutanen Gwarzo. Ka rame." Yaya ya matso ya laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa sarai, ta kwanta. Ba ta sake cewa a yi shiru ba.

Matar Yaya ta fashe da kuka. "Na yi mata ƙarya a bakin mutuwa, Malam. Allah zai kama ni?"

Na ce, "Ai ina kan hanya. Riga ni isowa kawai kika yi. Allah ya saka miki da Aljanna."

Ta shiga madafa ta fito da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ce tana kuka ta dama, don ta kasa barin maganar Goggo ta ƙarshe ta faɗi ƙasa.

Na ce ta riƙe mini tukuna. Na shiga ɗaki na yaye mayafin da aka rufe Goggo da shi. Ɗaurin ɗankwalinta bai karkace ba, magungunanta suna ƙarƙashin tabarma, fuskarta tana kallon ƙofa. Ban tarar da ita ba, ita ce ta tare ni. Na yi mata addu'a iya abin da bakina ya iya, na fito na zauna a tsakar gida na karɓi ƙwaryar. Ina sha hawaye na zuba a ciki, har na shanye tas.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta. Ka mayar mata da ganinta a gidan da ba a lalube a cikinsa. Ka sa ta riga mu zama ta shirya, in mun zo mu ji maraba tun daga nesa.

Sarkar tana wurina, cikin kwanonta, ban iya buɗe shi ba tukuna. Juma'ar da ta wuce na je gaida Yaya, na sami kaina ina sakin totur a kwanar masallaci ina kasa kunne.

Wanda ya san dattijon nan da ya yi maganar taurin zuciya, ya gaishe mini da shi, ban riƙe shi da komai ba. A dai gaya masa Goggo ce ta ce a dama mini, kuma ban taɓa mayar mata da ƙwarya da saura ba.